Tsakanin Ambaliya da Jarkar Fetur: Halin da Manomin Fadamar Kabi Ke Ciki

Tun kafin kiran assalatu kawuna ke fita fadama a lokacin noman rani, da jarkar fetur ɗaure a bayan babur. Gonarsa tana bakin Gulbin Rima, ba nisa da Argungu. Fangalin shinkafa ne jere reras, sai ɗan gefe da ya ware wa albasa da tattasai. Na san shi shekara da shekaru yana tayar da inji ya bar shi yana ta ruri, ya koma gindin giginya ya shimfiɗa buzu, har ruwa ya tumbatsa ya malala gonar maƙwabci. Amma a ranin 2024 da na bi shi, wani mutum daban na gani. Da gwangwanin madara yake auna man, yana tsiyaya shi a tanki kamar mai ba jariri magani. Yana tsaye a kan inji, idonsa na bin ruwa, da ya taɓa kunyar ƙarshe sai ya kashe.

Na ce, "Kawu, ai wannan fangalin bai ƙoshi ba."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Shi ma aljihun bai ƙoshi ba. Da can ruwa kaɗai muka tsoro, yanzu ga mai ya zo ya tsaya muna ga ƙofa."

Abu biyu ya haɗa a magana ɗaya, waɗanda mu masu rubutu muka saba rabawa: sauyin yanayi a wannan shafi, tsadar mai a wancan. A fadamar Kabi igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Rikicewar damina ce ta kora manomi zuwa rani, rani ba ya yiwuwa sai da inji, inji kuma ba ya tashi sai da fetur. Gudun gara aka yi, aka faɗa gidan zago.

Kakanninmu sun noma shinkafa a wannan kwari tun kafin zuwan Bature. Jar shinkafar gargajiya ce, wadda karanta ke ƙara tsawo yana bin ruwa duk yadda ya tashi. Ba ta cika rumbu kamar irin zamani, amma ta san gulbinta. A tudu kuma gero da dawa da wake, idan ruwa ya janye a kama kifi a tafkuna, shanun Fulani su shigo fadama su ci ciyawa su bar taki. Farin 1973 da na 1984 ne suka fara girgiza wannan tsari, kuma har yau dattawa da su suke lissafin haihuwa da mutuwa. A farkon shekarun 1990 shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa masu shan fetur. Ruwa a fadama ba shi da nisa, 'yan mitoci kaɗan ka tarar da shi, man kuma yana da araha. Sai ga ranar 17 ga Nuwamban 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya. Daga nan sunan Kabi ya tafi. Aka yi shinkafar Lake Rice da haɗin gwiwar Legas a 2016, aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Samari da suka saba tafiya cin rani kudu suka zauna gida. Na ga gidajen laka sun koma na bulo, na ga mutanen da ba su taɓa mafarkin Makka ba sun sauke farali da kuɗin shinkafa. Alheri ne na gaske. Sai dai gaba ɗayansa a kan litar mai mai araha aka ɗora shi, kuma a lokacin ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai faru ranar da arahar ta ƙare.

Tambayar da na fi ji a majalisa ita ce: idan duniya zafi take ƙarawa, me ya sa ruwa ke cin gonaki? Ai fari ya kamata a gani. Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ba ta da wuyar fahimta. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci, iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420. Wannan iska bargo ce: tana barin hasken rana ya shigo, ta riƙe zafin da ya kamata ya fita. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara aunawa, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da kusan digiri ɗaya da rabi. To, duk digiri ɗaya da aka ƙara, iska na iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100. A kwatanta ta da soso da ya ƙara girma. Idan yana tsotsa, zai tsotse raɓar ƙasa da sauri, shi ya sa kwana goma ba ruwa a yanzu ke ƙone shukar da a da za ta jure. Idan kuma aka matse shi, a lokaci guda zai juye komai. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ya danganta hakan da yadda Sahara ke ƙara zafi. Saboda haka masu cewa ruwa ya dawo bayan farin shekarun 1980 ba su yi ƙarya ba. Ya dawo, amma da wani hali daban. Ruwan da marka ke rabawa a sati biyu, yayyafi na shiga ƙasa a hankali, yanzu yakan sauka a dare ɗaya, ya kwashe taki da yashi ya nufi gulbi.

Kabi kuwa ita ce ƙasan kwarya. Ruwan da ya sauka a Katsina da Zamfara da Sakkwato da yankin Maraɗi, yawancinsa ta nan zai bi. Gulbin Sakkwato da na Rima su haɗu su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi da Bunza, Gulbin Zamfara ya biyo ta Jega ya shigo, Gulbin Ka ya ƙara nasa, sannan duka su juye a Kogin Kwara. Ita Kwara tana ɗauke da nata kayan tun daga Gini da Mali da Nijar. Idan ta cika, Rima ba ta da wurin juyewa, sai ta ja da baya ta bazu a fadama. Abin da ya faru ke nan a 2020. A Yamai kogin ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba, a nan kuma hukumomin jiha suka ce ruwa ya ci kimanin hekta 450,000 ta shinkafa. Duk wanda ya bi hanyar Argungu ko ta Bagudo a watan Satumban shekarar ba zai manta ba: ruwa iya ganinka, kan shinkafar da ta kusa nuna yana leƙowa nan da can, mutane a kwalekwale suna yankan abin da hannu ya kai. Bashin da aka ci na iri da taki kuwa ruwa bai tafi da shi ba.

Madatsun ruwa da aka gina don su daidaita lamarin su ma sun shiga tsaka mai wuya. Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a ƙasar Zamfara, da Goronyo mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 942, an tsara su ne da lissafin damina irin ta da. Mai kula da madatsa caca yake yi kowace shekara. In ya saki ruwa da wuri don gudun cika, damina ta ɗauke, manoman rani sun shiga uku. In ya riƙe, hadari ɗaya ya zo ya tumbatsa, dole ya buɗe ƙofa a kan mutanen da ke ƙasa. A Satumban 2010 ruwa ya ɓalle daga Goronyo ya yi ɓarna a Sakkwato da Kabi. A farkon 2018 kuma madatsar nan dai ta ƙafe har ta koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Shekara takwas ce kawai tsakanin ambaliya da ƙafewa, a wuri ɗaya. Ga kuma yashi da laka da ke cike cikinsu saboda an sare itatuwan da ke riƙe ƙasa a sama.

Da manomi ya ga haka, sai ya mayar da ƙarfinsa rani, inda shi ke da iko da ruwa. Amma zafi ya biyo shi can ma. Shinkafa idan tana fure, zafi ya wuce digiri 35, ƙwaya ba ta ɗaukuwa sosai, sai a ga zangarniya tsaye ƙyam, a murza a ji ƙaiƙayi. Wanda ya makara dashe har furensa ya faɗo cikin Afrilu ya san wannan. Alkama kuma sanyin hunturu take so, shi kuwa hunturu ya zama baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. Ƙarin zafi kuma ƙarin ban-ruwa ne, ƙarin ban-ruwa ƙarin mai.

To, shin man zai ƙare ne? Mai dai ba ya tsirowa. Ragowar halittu ne da suka binne shekaru miliyoyi, duk gangar da aka zuƙo ba ta da magaji. Najeriya, wadda aka fara samun mai a cikinta a Oloibiri a 1956, tana da kimanin ganga biliyan 37 da aka tabbatar a ƙasa. In aka raba da ganga miliyan ɗaya da rabi da ake haƙowa a rana, za a samu sama da shekara 60. Wannan lissafi yana kwantar wa mutane hankali, amma yana ɓoye abubuwa. Rijiyar mai ba ta ƙarewa kamar randa, a kwashe ruwa har ƙasa da moɗa ɗaya. Mai sauƙin haƙowa shi ake fara sha, saura kuma sai an bi shi cikin teku mai zurfi da kuɗi mai yawa. Najeriya ta taɓa haƙo kusan ganga miliyan biyu da rabi a rana a wajejen 2005, kuma tsufan rijiyoyi da sata da ƙarancin jari sun hana ta komawa can. Sannan masu sayen man da kansu suna neman hanyar rabuwa da shi: a Sin motoci masu aiki da lantarki sun kai kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa, ita ma Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Jiha kamar Kebbi, wadda mafi yawan kuɗinta daga kason tarayya yake zuwa, ya kamata wannan ya hana ta barci.

Amma ni a ganina duk wannan lissafin masu kuɗi ne. A wurin talaka, mai yana ƙarewa ne ranar da ya gagare shi saya, ko da teku guda ne kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ga manomin Kabi ranar ta riga ta zo, kuma tana da kwanan wata: 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. Ƙauyukan da ke nesa da gidan mai kuwa a hannun 'yan bumburutu suke saya, da ƙari a kai. Mutanen Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka ma sun riga kowa ɗanɗana wannan, tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A ɗauka gona ta sha lita 300 daga dashe zuwa yanka. A da naira dubu 60 ke nan, a ƙarshen 2024 dubu 300. Kuma ba a tankin inji kaɗai man yake ba. Takin yuriya daga iskar gas ake yin sa, shi ya sa farashinsa ya yi tsalle a 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da kasuwar gas. Tarakta, injin casa, motar da za ta kai buhu kasuwar Jega, duk mai ne. Da aka zo aka ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashin shanshera ya sauka daga baya, kuɗin noma kuwa yana nan inda yake. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, kuma ya cancanci numfashin, amma manomi ne ya biya.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Kawuna bai taɓa mallakar mota ba. Wasu suka ƙona man suka gina ƙasashensu, shi ya samu ambaliya, sannan da ya miƙa hannu ga ɗan abin da zai ceci gonarsa, ya tarar ya fi ƙarfinsa. An amince a kafa asusun biyan diyyar asarar sauyin yanayi a taron Masar na 2022, amma abin da aka yi alkawarin zubawa ciki bai kai ko kusa da ɓarnar da ake yi ba.

Mutane dai ba su naɗe hannu ba. Dabarar farko daga wurin makanikai ta fito: aka sauya kabureta, aka haɗa injin ban-ruwa da tukunyar gas ta girki. Cikin 'yan watanni sai ga tukwane a kan babura suna shiga fadama. Ta rage kashe kuɗi, kuma ta nuna kaifin basirar yaranmu na bakin kasuwa. Amma gas ɗan'uwan fetur ne, uwa ɗaya uba ɗaya, farashinsa ma bai tsaya ba, ga haɗarin tiyo mai yoyo kusa da inji mai zafi.

Sola ce ta zo da wani abu sabo. Farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma babu abin da Allah ya hore mana kamar rana. Abin sha'awa, watannin Maris da Afrilu da shuka ta fi ƙishi su ne watannin da faranti ya fi ba da wuta. Gwamnatin jiha ta raba injinan sola ga manoma, wasu kuma sun sayar da dabba sun saya. Amma duk wanda ya yi aiki da ita ya san tana da sharuɗɗa. Ba ta tura ruwa da ƙarfin injin fetur, sai an yi haƙuri da ita daga hantsi zuwa la'asar. Ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi, sai ana goge faranti kullum. Ba a barinta a gona saboda ɓarayi, da safe a ɗauko a amalanke, da yamma a mayar. Kasuwa cike take da jabun faranti da aka rubuta wa ƙarfin da ba su da shi, masu gyara kuma ba su wadata ba. Babbar matsalar ita ce kuɗin farko. Fetur yana cin mutum kaɗan-kaɗan, sola kuwa a dunƙule take so, talaka kuma yana iya samun dubu biyar kullum amma bai taɓa riƙe dubu ɗari biyar a lokaci guda ba. Rabon gwamnati, ko an yi shi da gaskiya, ba zai kai ga kowa ba. Abin da na ga yana aiki shi ne abin da muka gada: adashe da gayya. Mutum huɗu ko biyar masu gonaki maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi guda, su raba kwanaki. Da bankuna da 'yan kasuwa za su yarda su ba irin wannan ƙungiya inji a biya bayan girbi biyu ko uku, da kuɗin man da ba a ƙona ba shi zai biya bashin.

Sai dai akwai ramin da nake hango mana a gaba, kuma ban ji ana maganarsa ba. Tsadar fetur, duk da azabarta, ita ce linzamin da ke sa mutum ya kashe inji. Ranar da jan ruwa ya zama kyauta, wa zai kashe? Ruwan da ke ƙarƙashin fadama rumbu ɗaya ne, ba shi da iyakar gona. Mai hali zai zurfafa rijiyarsa ya jera faranti ashirin, rijiyar maƙwabcinsa mai gajeren bututu ta fara tsotsar iska. An ga haka a jihar Punjab ta Indiya, inda wutar lantarki ta kyauta ga manoma ta sa ruwan ƙasa ya yi ta nisa shekara bayan shekara. Kuma wannan rumbu namu, ambaliyar da muke kuka da ita ce ke cika shi. Idan aka gina shinge ko'ina aka hana gulbi bazuwa, aka kuma ƙara yawan injina, za a toshe mashiga a faɗaɗa mafita.

Maganin wannan ba sai an ɗauko shi daga wata ƙasa ba. A Argungu, mashigin Matan Fada a rufe yake ga masunta duk shekara, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, a kan wannan doka yake tsaye. Al'ummar da ta iya haƙura da kifi wata goma sha ɗaya don amfanin kowa, za ta iya yarda da tazara tsakanin rijiya da rijiya, da iyakar zurfi, da ranakun hutun inji. Sarakunan noma da hakimai da ƙungiyoyin manoman shinkafa su ne za su iya kafa wannan tun kafin rigima ta tashi. Ita shinkafar ma ba ta buƙatar tsayawa cikin ruwa kullum. Masana noman shinkafa sun daɗe da nuna cewa in aka kafa guntun bututu mai huji a fangali, aka bar ruwa ya sauka kamar santimita 15 ƙasa kafin a sake ba shi, ban da lokacin fure, ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Abin da talauci ya tilasta wa kawu da gwangwanin madara, da ɗan bututu da bayani zai zama ilimi.

Damina ma ba a yafe ta ba. Akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, masu jure nutsewa cikin ruwa har kusan sati biyu. Tsohuwar jar shinkafarmu kuma bai kamata a bari ta ɓace ba, domin a kwarin da ruwa ke zurfi babu irin zamanin da ya kai ta. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna ma na fitar da na ambaliya, amma hasashen da ya tsaya a ɗakin taro a Abuja da Turanci bai amfani mai gona a Suru ko Augie ba. Rediyo da limaman Juma'a da masu unguwanni su ne hanyarsa.

A tudu kuwa maganar itace ce. Babbar katangar itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, a Najeriya daga Kebbi ta faro zuwa Borno, ta ratsa jihohi 11 har da Zamfara. Akwai kuma shirin farfaɗo da ƙasar noma na ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. Ba na raina su, amma duk mun ga yadda dashen biki ke ƙarewa: a dasa a watan Agusta a ɗauki hoto, kafin Maris awaki da rana sun gama da shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram wata hanya suka bi tun daga shekarun 1980, wadda suke kira sassabin zamani. Kututturen kalgo da sabara da gawo da ake sassabewa kowace bazara, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Sai manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Ba reno, ba ban-ruwa, ba kwangila. An ƙiyasta hakan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo kuwa taki ne a tsaye: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya ba dabba abinci. Sirrin nasararsu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. Mutanen ƙananan hukumomin Arewa da Dandi, da ke noma kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansu na tsallaken iyaka, ba sa buƙatar tafinta don koyon wannan.

Amma itace ba zai tsira ba matuƙar murhu na cinsa. Kananzir ya bar gidan talaka tun da aka janye masa tallafi a 2016, gas ya yi tsada, sai kowa ya koma gawayi da ice. Ga yadda tsadar mai ke komawa ta zama sarar daji, sarar daji ta zama yashi a madatsa. Mata masu gumin shinkafa suna ƙona itace mai yawa, alhali ɓuntun shinkafa na nan tuli a bayan injinan casa ana cinna masa wuta a banza. Murhun da ke aiki da ɓuntu ba sabon abu ba ne, maƙeranmu za su iya ƙera shi. A Zamfara kuma duk wannan magana sai mutum ya iya zuwa gonarsa tukuna. Ba na cikin masu ɗora ta'addancin 'yan bindiga a kan yanayi kaɗai, domin akwai zalunci da cinye burtali da sakacin hukuma da kwaɗayin zinare. Amma ƙafewar mashaya da ƙarancin makiyaya sun zuba wa wutar mai, kuma manomin da ya gudo Gusau ko Anka ba zai raini gawo a gonar da ya bari ba.

Kawu dai ya shiga haɗakar mutum biyar, sun sayi sola guda. An rubuta kwanakin kowa a bayan kwali an rataye a jikin giginya, ranar Juma'a ta wanda shukarsa ta fi galabaita ce. Bai sayar da tsohon injinsa ba, yana ajiye da lita biyar saboda ranakun da hazo ya rufe rana. Akwai wata tsohuwar rijiya a gefen gonar da ba a jan ruwa a cikinta, ya ɗaura dutse a igiya yana zurawa duk ranar Asabar, ya ƙulla alama inda ta jiƙe. Da na je a ƙarshen rani ya miƙo mini igiyar, ya nuna mini ƙullin farkon dashe da na makon nan, tsakaninsu ya fi kamu biyu.

"Kai da ka yi boko," in ji shi, "ka rubuta muna wanga a takarda. In an zo taron Sarkin Noma, ina son in nuna musu."